Zakara a Gidan Baba Doka

Zakaran ya sake yin cara, kuma wannan karon babu bakin da Auta za ta ce na maƙwabta ne. Daga saman kansu ƙarar ta sauko, daga banɗakin ɗakunan haya.

Tana durƙushe gaban mahaifinta tana zuba masa shayin safe. Shayin ya tsiyaya a faranti.

Abba bai ɗago daga jaridarsa ba. "Auta."

"Na'am, Abba."

"Jiya kika ce min wayar wani baƙo ce take irin wannan kukan."

"Haka na zata, Abba."

"To, wayar nan dai yau da asuba na ji tana karkaɗa fiffike."

Auta ta sunkuyar da kai. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Baba Doka mutanen layin suke ce wa Abba, amma a bayan idonsa, don babu mai ƙarfin halin faɗa a gabansa. Tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa ne. Ya ajiye aiki, amma aikin bai ajiye shi ba. Da kuɗin sallamarsa ya ɗora bene a kan gidan, ya raba shi sashe biyu, yana bayarwa haya ta 'yan kwanaki ga masu zuwa taro da masu jinya a asibitin da ke bakin titi. Auta ce ke ɗauke da wahalar. Ita ke amsa masu neman masauki a waya, ta canza zannuwan gado, ta wanke tawul, ta miƙa makulli. Shi kuwa nasa aikin dokoki ne. Ya sa an buga su a takarda, an lulluɓe da roba, ya manna a bayan kowace ƙofa. Ba a wuce mutum huɗu. Ba a hura wuta a baranda. Ba shanya a gaban gida, ba hayaniya bayan isha'i, ba dabba ba tsuntsu. Gargaɗi ɗaya ne, na biyu sai mutum ya haɗa kayansa. Ya taɓa korar wani mai ƙaton ciki da direba saboda guntun sigarin da aka tsinta a tukunyar fure.

Baƙin da ke sama yanzu kuwa, doka ko ɗaya ba su bari a tsaye ba. Kuma ba wasu ba ne, dangin Injiniya ne, mutumin da Auta take so kamar ranta.

Injiniya mai gyaran firij ne da na'urar sanyaya ɗaki. Ya aiko da maganar aure, Abba ya mayar da ita. Ya sake aikowa, Abba ya sake mayarwa. Ba talaucinsa ya ƙi ba. Shi dai a cewarsa yaron ba shi da tsari, kuma wanda bai iya riƙe lokaci ba, ba zai iya riƙe mace ba. Can gidan su Injiniya ma ba sauƙi. Mahaifiyarsa, Inna, ta ji an raina mata ɗa, ta rantse ƙafarta ba za ta taka gidan da ake yi musu kallon sama da ƙasa ba.

Sai ga yanar ido ta kama tsohuwar. Likitoci suka ce sai an yi aiki, kuma a asibitin bakin titin nan za a yi. Injiniya ya kama sashen dama, ya biya kuɗinsa cas. Yadda ya shawo kan uwar tasa har ta yarda ta sauka a nan, Auta ba ta sani ba, ba ta kuma tambaya ba, murna ta hana ta. Abba ya ce, "Haya haya ce. Ni ma na samu in ga irin gidan da ya fito."

Wato jarrabawa ce, kuma Auta ta san jarrabawa ce.

Mutum biyu aka rubuta, tsohuwar da mai jinyarta. Amma tun ranar da aka fito da ita daga ɗakin aiki dangi suka fara sauka, wannan da jaka, waccan da goyo. Takalman bakin ƙofa kaɗai sun isa a buɗe shago. Zannuwa suka rataye a ƙarfen barandar gaba, hayaƙin gawayi ya riƙa tashi da yamma, yara suka mayar da matakala filin tsere. Auta ta koma ɓarauniya a gidan ubanta. Ta lallaɓa ta kwashe shanya kafin Abba ya fito, ta goge baƙin gawayi daga bango, ta ba likitar da ke zaune a sashen hagu haƙuri har yawunta ya ƙafe. Amma ta buɗe baki ta yi wa uwar saurayinta maganar doka? Ina! Daga bakin ƙofa take gaisuwa ta gudo.

Auta na nan durƙushe gaban Abba sai ga sallamar Goggo. Ƙanwar Abba ce, kuma ba ta taɓa shigowa gidan nan hannu rabbana ba, kullum da magana a ƙunshe. Bayanta ɗanta ne, Dillali, wanda ke kawo musu rabin baƙinsu. Ya sha turare, ya riƙo waya a gaba.

"Yaya, ka ga abin da nake gudu," in ji Goggo tun kafin ta zauna. "Kai, nuna masa."

Dillali ya durƙusa ya miƙa wayar. "Kawu, likitar sashen hagu ce. Tauraro ɗaya ta ba mu a shafin da baƙi ke dubawa kafin su kama ɗaki. Ta ce ta dawo daga aiki tana neman barci, zakara ya hana ta. Wallahi Kawu raina ya ɓaci. Sunan gidan nan fa da ka sha wahalar ginawa."

Ransa bai ɓaci ba. Auta na ganin murmushin da yake dannewa a gefen baki. Tun tana makaranta Goggo ke yi masa tanadinta, yau kuwa abin nema ya samu.

"Ni dai na faɗa," Goggo ta ci gaba tana gyara mayafi, ta juyo kan Auta. "Ga na gida, mai natsuwa, ya san sana'ar, ya san halinki, kin tsaya bin wanda danginsa ke kiwo a banɗaki. Yau zakara, gobe akuya za su hau da ita. Waɗannan za ki kira surukai?"

"Goggo, jinya fa suka zo."

"Zakaran ma aikin ido za a yi masa?"

Abba ya ninke jaridar a hankali, ya cire tabarau. "Auta, tun yaushe kika sani?"

Hawayen da take riƙewa suka kufce. "Tun farko, Abba."

"Kika ɓoye min."

"Tsoro na ji."

"Na ga shanyar, na shaƙi hayaƙin. Shiru na yi ina jiran ki zo da bakinki, ba ki zo ba. To yanzu za ki hau da ƙafarki, ki gaya musu kafin la'asar su bar min gida. Akwai masauki a bayan asibitin, na san mai shi, ba za su kwana a titi ba. Maganar yaron nan kuma ta bi su, kada in sake jin ta. Na ga gidan da ya fito."

"Abba, don girman Allah!" Ta rarrafa ta kama ƙafarsa. "Matar nan ido ɗaya a rufe yake. In na kore ta, da wane ido zan sake kallon ɗanta? Ka karɓe makullan, ka hana ni fita, ka yi min duk hukuncin da ka ga dama, amma kada ka sa ni wannan. Abba, ban taɓa roƙon ka komai ba tun rasuwar Umma. Shi kaɗai na roƙa."

Abba ya kawar da kai gefe. Amma bai janye ba.

"Kawu, in ba za ta iya ba, ni sai in hau," in ji Dillali, har ya fara miƙewa.

"Ita za ta hau," Abba ya ce. "Aikinta ne."

* * *

A tsakiyar matakala Auta ta tsaya. Ta zauna a nan ta kira Injiniya. Yana ɗagawa ta ji ƙarar ƙarafa a bayansa, yana wajen aiki a can ƙarshen gari.

"Shi ke nan, ta ƙare," ta ce cikin kuka. "Abba ya ce su tashi yau. Ya ce ni da kai ma mun ƙare."

"Innalillahi! Auta, tsaya, ki daina kukan, ba na jin ki sosai."

"Sau nawa na roƙe ka ka yi musu magana? Kullum sai ka ce gobe, kullum sai ka ce saura kaɗan. Ka san halin Abba. Ni kaɗai ka bari ina sanɗa ina kwashe shanya a gidanmu. Yanzu ga Goggo can zaune da ɗanta suna jiran in sauko su ɗauka. Anya kana sona kuwa?"

"Kada ki ce haka, don Allah kada ki ce haka. Wallahi in aka raba ni da ke ban san inda zan sa kaina ba. Ga ni nan zuwa, yanzu zan hau babur. Ki jira ni."

"Abba ba ya jira."

"To ki ji, abu ɗaya nake roƙon ki." Muryarsa ta yi ƙasa. "Duk abin da za ki ce wa Inna, kada ki ambaci haya. Kada ki ce kuɗi. Ki rufa min asiri."

Auta ta daina kukan. "Kamar yaya kada in ambaci haya? Me ka yi?"

Ta ji yana tattara kayan aiki.

"Magana nake maka. Me ka yi?"

Ta ji tashin babur, sai wayar ta katse.

* * *

Ta tsallake tulin takalma ta yi sallama. Kafin ta rufe baki an jawo hannunta ciki, karon farko ke nan da ta wuce bakin ƙofar tun saukarsu.

"Ga amaryarmu! Yau dai kunya ta ƙare?" Ƙanwar Inna ce, mace mai faɗin jiki da faɗin murya, ludayi a hannu. "Ku matsa mata, ku matsa!"

Falon ya cika maƙil. Katifu a jingine da bango, kujeru an ture su gefe, ƙamshin miya na shigowa daga baranda. Auta ta leƙa bayan ƙofa don ta nuna musu takardar, ko ta rage wa bakinta aiki. Babu takarda. Sai sawun gam a kusurwa huɗu, inda aka ɓamɓare ta a tsanake ba tare da an ɗaye fenti ba. Aikin mai hannun gyara ne.

Ta tuna roƙon da Injiniya ya yi mata a waya.

Inna na zaune a kan darduma, ta jingina da kujera. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ido ɗaya a rufe da auduga da filasta, ɗayan ma dishi-dishi yake gani. Ta miƙo hannu tana lalube. "Matso, 'yar nan, in taɓa ki."

Auta ta durƙusa. Tsohuwar ta shafa fuskarta, ta ji danshi. "Kuka kike? Wa ya taɓa ki?"

"Babu kowa, Inna. Hayaƙi ne."

"Kun ji ko? Sai da na ce ku rage gawayin nan." Ta riƙe hannun Auta da hannu biyu. "'Yar nan, ina da laifi a wajenku, bari in faɗa tun ina da baki. Na yi wa mahaifinki mummunan zato. Aka ce min ya raina mu, na rantse ba zan taka gidansa ba. Sai yaron nan ya zo ya ce min, Inna, Alhaji ya ji labarin idonki, ya ce ba za ki kwana a masaukin kuɗi ba alhali yana da gida. Ya ce ki zo ki sauka, ke da duk wanda ya zo duba ki, gidanku ne. Wallahi ranar kuka na yi. Mutumin da na ƙullata a zuciya, shi ya ba ni gado da fanka da ruwan zafi, ko sisi bai karɓa ba."

Ashe a nan gizo ke saƙar. Mutanen nan ba rashin tarbiyya ke damun su ba, ba su ma san haya suke ba. A tunaninsu karamci aka yi musu, kuma wanda aka ce masa gidanku ne ya tsaya yana takura kansa, ai ya raina karamcin.

"Shi ya sa na aika gida aka kawo min zakaran nan," Inna ta ci gaba. "Da hannuna na kiwata shi. Ba wani abu ba ne, amma ina so in miƙa wa Alhaji da kaina. Kullum ina kasa kunne ko zan ji takunsa a matakala, bai hawo ba. Har na fara cewa ko wani laifi muka yi masa."

"A banɗaki ma muka sa shi," ƙanwar Inna ta ce da alfahari, "don kada ya ɓata wa Alhaji kafet."

Auta ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Gaba kura, baya siyaki. In ta faɗi gaskiya, ta kashe tsohuwar nan da kunya, ta kuma mayar da Injiniya maƙaryaci a gaban uwarsa da danginsa. In ta yi shiru, la'asar na tafe.

Ba ta gama zaɓa ba ta ji taku a matakala. Taku ne mai nauyi, ba sauri ba jinkiri, wanda ta sani tun tana rarrafe. Bayansa kuma ƙamshin turaren Dillali ne ke biyowa.

* * *

Abba ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ga Auta ta daɗe, Goggo kuma ba ta bar kunnensa ya huta ba, shi ne ya hawo ya ƙarasa aikin da kansa. Idonsa ya bi takalman, ya bi katifun, ya leƙa murhun gawayin da ke ci a baranda, ya dawo kan ƙofar da aka raba da takardarsa. Jijiyar goshinsa ta tashi.

"Inna, ga Alhaji!" wata ta faɗa.

Kafin ya buɗe baki tsohuwar ta dafa kafaɗar Auta ta miƙe. "Alhaji, kai ne? Yau Allah ya kawo ka? Sannu, sannu da zuwa. Ni ban san da bakin da zan gode maka ba. Ka sauke mu kyauta, ka ce gidanmu ne, mu da ba mu haɗa komai da kai ba. Yadda ka rufa mana asiri, Allah ya rufa maka duniya da lahira. Allah ya jiƙan uwar yarinyar nan, ya kai haske kabarinta."

"Amin!" falon ya amsa gaba ɗaya.

"A kawo shi, a kawo shi!"

Aka fito da zakaran daga banɗaki, ja ne ƙato, ƙafafu a ɗaure, aka ɗora a hannun Abba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsayar da jirgi da ɗaga hannu ɗaya, ga shi yau tsaye rungume da zakara, ya rasa inda zai ajiye shi.

Ya dubi Auta. Ta girgiza masa kai a hankali, hawaye na bin kuncinta. Ya fahimta, ita ma yanzu ta ji.

Dillali ne ya kasa haƙuri. Ya yi 'yar dariya. "Kyauta? Hajiya, wa ya gaya miki? Ai gidan nan ba a kwana kyauta. Ɗanki ne ya…"

"Kai."

Abba bai ɗaga murya ba, amma Dillali ya haɗiye sauran maganar.

Sai dai Inna ta riga ta ji. Auta ta ji yatsun tsohuwar sun matse mata kafaɗa. "Me ya ce? Alhaji, me yaron nan yake cewa? Ba kai ka ba mu ba?"



Auta ta rufe ido. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin mahaifinta ya yi ƙarya ba, ko ta wasa, ko ta lallashin yaro. Ta san abin da ke tafe. A ranta har ta fara yi wa Injiniya ban kwana.

Abba ya dubi tsohuwar, auduga a ido. Can ya gyara riƙon zakaran.

"Hajiya," ya ce, yana auna kowace kalma, "zaman da kuke yi a gidan nan, ko sisinku ba zan ci ba. Ke baƙuwata ce, ke da mutanenki. Ni ne ma na yi laifi da ban hawo na gaishe ki ba tun farko. Ki yafe min."

Inna ta saki doguwar ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi! Yaron nan ya tsorata ni."

"Bai san kan maganar ba ne," in ji Abba.

Auta ta buɗe ido tana kallon mahaifinta kamar yau ta fara ganin sa. Bai yi ƙarya ba. Ƙaryar wani ya ɗauka a tsaye ya mayar da ita gaskiya. Wani nauyi da ya kwana da kwanaki a ƙirjinta ya sauka, ta ja numfashi har ƙasan cikinta.

"Sai dai ina da ƙorafi," Abba ya ci gaba, muryar tasha ta dawo masa. "Baƙona ba ya girki a baranda ina da kicin a ƙasa, wannan gori ne a gare ni. Daga yau tukunya a ƙasa za a ɗora. Igiyar shanya tana bayan gida, rana ta fi kyau a can. Yara su sauko tsakar gida su yi gudunsu. Akwai ɗakin baƙi a ƙasa, rabinku su koma can, kada a matse mai ciwo. Sashen hagu kuma likita ce, sai safiya take dawowa daga aiki, a bar ta ta yi barci. Irinsu ne ke duba mana idanun nan."

"Wallahi gaskiya ne! Baiwar Allah, ashe muna ta shiga hakkinta," ƙanwar Inna ta ce tana tafa hannu. "Ku tashi, ku tashi, kun ji abin da Alhaji ya ce!"

Kafin ka ce kwabo an kashe gawayi, an kwashe zannuwa, an kora yara ƙasa. Abin da Auta ta yi ta fama da shi a ɓoye ya kammala tana durƙushe a wurin. Dokokin kuwa suna nan daram, ko ɗaya Abba bai janye ba, riga kawai ya sauya musu.

Dillali ya sulale ba sallama. Jim kaɗan suka ji ƙofar gida ta bugu, da muryar Goggo tana shaida wa layin cewa ita dai ta faɗa.

* * *

Injiniya ya iso jiƙe da gumi, baƙin mai a gaban rigar aikinsa. Yana shiga tsakar gida ya yi turus. Ƙanwar uwarsa ce ke juya tukunya a kicin ɗin Baba Doka, yaran gidansu na zagaye famfo a guje. Bai gama mamaki ba aka ce masa Alhaji na kira a falo.

Auta ta laɓe a bayan labule.

Ya zube a gaban Abba tun daga bakin ƙofa. "Abba, ni ne mai laifi. Auta ba ta san komai ba. Ni na cire takardar, ni na shirya maganar. Inna ta rantse ba za ta zo ba, likita kuma ya ce in aka ƙara jinkiri idon zai tafi, ga nan ne kaɗai kusa da asibitin da zan iya. Na kuma so ta daina ganin ku da mugun ido. Duk hukuncin da za ka yi, a kaina ya sauka."

"Ka yi ƙarya da sunana."

"Na yi, Abba."

"Ka sa tsohuwa tana yi min addu'ar abin da ban yi ba. Ka san nauyin wannan kuwa? Tana roƙa wa matata haske a kabari, ni kuwa na hau ne in kore ta." Muryar Abba ta ɗan karye, ya rufe da gyaran murya. Ya tura masa ambulan a kan tebur. "Ga kuɗinka, babu ragi. Yanzu addu'ar ta halatta gare ni. Ranar da idonta ya buɗe kuma, ka zauna ka gaya mata yadda aka yi, da bakinka. Ba ni zan gaya mata ba."

"Zan gaya mata, wallahi zan gaya mata." Injiniya ya sa gefen riga yana share ido, ya shafa wa fuskarsa baƙin mai bai sani ba.

"Ban ce ka gyaru ba. Har yanzu ba ka da tsari. Mutanenka kuma ba su san shiru ba. Amma suna da mutunci, kuma magana ɗaya aka yi musu suka ji. Kai ma da ka zo ba ka ɓuya a bayan mace ba, ka ce ni ne. Na lura da wannan."

Daga kicin ana jin ƙanwar Inna na tambayar ina ake ajiye gishiri.

"Saura magana ɗaya," in ji Abba. "Tun da na ɗora benen nan ban taɓa sauke bare kyauta ba. Ba ni kuma da niyyar farawa da tsufana."

Injiniya ya dubi ambulan, ya dubi Abba, ya sake duban ambulan. "To, Abba… in dawo da kuɗin ne?"

A bayan labule Auta ta toshe bakinta da hannu biyu. Ita ta gane.

"Kai dai Allah ya sa hannunka ya fi kanka saurin aiki," Abba ya ce yana girgiza kai. "Cewa na yi ka san yadda za ka yi ku daina zama bare. Manyanka suna nan a gidana, ba sai an hau mota ba. Ka ce musu gobe da hantsi ina zaune."

Yanzu ne Injiniya ya gane. Sai ya kifa goshinsa a kafet yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Auta ta silale jikin bango ta zauna a ƙasa, dariya da kuka suka haɗe mata, ta cusa mayafi a baki don kada a ji.

Abba ya mayar da tabarau, ya ɗauki jaridarsa.

"Ke kuma mai laɓe, labulen nan bai rufe miki ƙafafu ba. Tashi ki wanke fuskarki, ki kai wa surukarki abinci."